Yadda 'Yata Ta Zama Ƙanwar Ƙanwarta

Zuwa ga Shugaban Makarantar Sakandaren da 'yata ta gama a bana, a nan cikin garin Suleja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka. Ya aiki, ya haƙuri da 'ya'yan mutane? Allah ya ba da lada.

Sunana Isyaku, mai faci a bakin titin Gauraka. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne mutumin nan da ya zauna a bencin ƙofar ofishinka sau uku cikin mako biyu, har masinjanka ya fara yi mini sannu da aiki. Ni ne mahaifin Ummi ta ajin kimiyya. Ba Ummi aka rubuta a rajistarku ba. Sunan mahaifiyata ta ci, ni kuwa bakina ba ya iya kama shi, balle in baza shi a jarida. Sunan makarantar ma ban sa ba. Kai ka san da kai nake, iyayen da abin ya shafa su ma za su gane.

Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Ba korata aka yi ba, ni da lissafi ne muka duba muka ga zaman ba zai yiwu ba, muka rabu cikin mutunci. Don haka idan ka ga rubutun ya karkace a yi mini uzuri, hannun ya fi sabawa da guduma. Mutanen Gauraka da barkwanci suka san ni. Ko gidan gaisuwa na je, nesa da masu kuka ake shimfiɗa mini tabarma. To amma yau mako biyu ke nan ina yawo da baki buɗe, kamar wanda ya fito masallaci ya tarar an sace masa takalmi ƙafa ɗaya.

Ga maganar a dunƙule. Ummi ta ci jarrabawar share fagen shiga jami'a da maki ɗari biyu da casa'in da bakwai. Likitanci take nema, a jami'ar nan da kowa ke turereniya a ƙofarta. An ce ba za a ma duba takardunta ba, domin a rubuce shekarunta goma sha huɗu, doka kuwa ta ce sai ɗan sha shida. Ummi shekarunta sha bakwai da watanni. Ranar Juma'a ta makon gobe ake rufe fom ɗin tantancewa. Abu ɗaya aka ce zai iya cetonta kafin ranar, kuma a cikin kabad ɗin ofishinka yake. Na roƙa sau uku a ɓoye, ban samu ba. Shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya: ranar biro uku.

Bayan jarrabawar gwaji, makaranta ta aiko mana da takardar gayyata, wai iyayen 'yan ajin ƙarshe su zo a auna wa kowane yaro damarsa ta shiga jami'a. Na rufe rumfa ranar Asabar, ranar da ta fi kowace kawo mini tayoyi, na sa kaftanina na Salla na zo. Malam Bala, malaminku mai ba ɗalibai shawara, yana zaune da katon littafi da biro uku a gabansa, kore da baƙi da ja. Ya yi mana bayani. Kore, yaro ya nufi inda yake so. Baƙi, ya nema amma a dage da addu'a. Ja, ya canza kwas tun dare bai yi masa ba.

Gaskiya ba zan ɓoye ba, aikin ya burge ni. Mutumin nan bai bar komai ba. Ya duba sakamakon Ummi tun daga aji huɗu. Ya duba makin gwaji. Ya duba ko darussan da ta haɗa su ne jami'ar ke so. Ya tambayi jiharmu ta asali, ya jawo wata takarda ya nuna mini cewa muna cikin yankin da jami'ar ke fifitawa. Ya yi mana lissafin yadda masu neman likitanci suka ninka guraben da ke akwai, har kaina ya fara juyawa, na tuna dalilin rabuwata da makaranta. Ya tambayi Ummi ko tana tsoron jini. Ya ma tambaye ta ko idonta na gani da kyau.

A gabana na ga ya zana wa wani yaro ja, uwarsa ta fita tana share ido da gefen mayafi. Wani ya samu baƙi, ubansa ya yi ta godiya kamar kujerar Makka aka ba shi. Da aka zo kan Ummi, Malam Bala ya ɗauki koren biro ya ja layi, ya ɗago ya dube ni, ya sake jan wani layin a ƙarƙashi. Ya ce, “Malam Isyaku, kore biyu. Ban taɓa ba kowa ba. Idan yarinyar nan ba ta samu likitanci ba, a zo a sa wa makarantar nan kwaɗo.”

Ya yage shafin kwafi ya miƙo mini. Na kai shi aka lulluɓe mini shi da leda mai ƙarfi, na rataye a rumfa kusa da injin ba da iska.

Na biyu: abin da na yi da koren biro.

Wannan sashen ba ƙararku nake kawowa ba, ƙarar kaina ce, amma ya kamata ka san nauyin layin da malaminka ke ja. Kafin Litinin duk Gauraka ta ji. Direbobin da ke jigila zuwa Abuja suka sa mini suna Baban Likita. Mai tuwo ta daina ba ni ƙashi, sai tsoka. Mutum zai kawo taya faci, yana zaune a benci sai ya fara ba ni labarin ciwon bayansa, ni ma da yake ba kunya ce ta dame ni ba, sai in ce ya rage gishiri. Yayana da ke Lambata ya zo takanas da zakara a hannu, wai na Likita ne. Uwar Ummi ta ja mini kunne, ta ce, “Malam, ka bari a haifi ɗan tukuna kafin ka raba goron suna.” Na ce mata ita ba ta san kore biyu ba.

Ita kuwa Ummi ba ruwanta da wannan hayaniya, karatunta kawai take. A kan wannan koren layi ta sa jami'ar nan a zaɓinta na farko. Akwai wata ƙaramar makarantar koyon jinya da uwarta ta so a nema mata don ko-ta-kwana, Malam Bala ya ce ɓata fom ne, muka bari har aka rufe. Da sakamakon jarrabawar fita ya zo, ba darasin da ta faɗi. Da na share fage ya zo, ta zarce abin da shi kansa Malam Bala ya yi hasashe. Yarinyar nan duk abin da aka ɗora mata ta sauke.

Na uku: ranar da muka je cike fom.

Ranar Laraba ta makon shekaranjiya da hantsi, na kai Ummi shagon kwamfuta na Madam Rifkatu a unguwar Hashimi. Madam Rifkatu 'yar Filato ce, mun yi zaman haya gida ɗaya shekara da shekaru, ita da uwar Ummi ko gishiri ba sa ɓoye wa juna. Ta shigar da lambar Ummi, ta danna, abin ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Ni ina gefe ina cewa ai ko kwamfutar ce ta tsorata da makin.

Sai na ga ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, “Baban Ummi, yarinyar nan shekarunta nawa?” Na ce sha bakwai, ta ma shiga ta sha takwas. Ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta sa yatsa a kan wani jan rubutu, ta ce, “To nan an ce sha huɗu. Ni fa na goya yarinyar nan a bayana kafin in haifi Dauda, Dauda kuwa yanzu gemu yake nema. Wa ya yi muku wannan aika-aika?”

Ranka ya daɗe, taya ta sha fashewa a hannuna. Akwai ta tirela da ta taɓa jefa ni cikin kwata, na tashi ina dariya. Amma ranar nan dariyar ta ƙi zuwa, na jawo kujera na zauna. Wani mutum da ke jiran layi ya leƙo ya ga makin, ya ga shekarun, ya kama hannuna yana girgizawa, wai Allah ya ba ni 'yar baiwa, 'yar sha huɗu da wannan maki. Ummi tana tsaye a bayana, ta fi uwarta tsayi da tafin hannu guda.

Madam Rifkatu ta bincika mana. Ta ce akwai wata 'yar ƙofa da ake buɗe wa ƙananan yara masu baiwa ta musamman, amma makin da ake nema a can ya fi na Ummi. Ka ga ke nan a matsayin 'yar sha bakwai ta ci har ta yi rara, a matsayin 'yar sha huɗu kuwa ba ta kai ba.

Da muka dawo gida aka zauna lissafi, sai wani abin ya sake fitowa. Ƙanwarta Zainab, da ke wata makarantar daban, shekarunta sha biyar cif a takarda da a zahiri. Wato a idon hukuma Zainab ce yaya, Ummi ƙanwa. Uwar da ta haife su ba ta da labari.

Na huɗu: inda sha huɗun ta samo asali.

A nan ne alƙalamin ke yi mini nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shekara uku da suka wuce, lokacin da su Ummi ke aji uku, makaranta ta tara mu iyaye don a yi wa yara rajistar lambar zama ɗan ƙasa, wadda sai da ita ake zana manyan jarrabawa. Yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka aka ce za a haɗa mana takardar rantsuwar shekaru a tare, kowa ya huta da zirga-zirga. Wanda ke zaune a teburin yana rubuta ranakun haihuwa, Malam Bala ne. Shi ɗin dai.

Duk uban da ya zo gabansa, tambaya ɗaya yake yi masa, murya ƙasa-ƙasa, kamar mahauci: “Nawa za a cire?” Da na yi turus, ya yi mini bayani irin na mai son ka da alheri. Ya ce yaro zai gama sakandare ya zauna gida shekara biyu yana neman gurbi. In ya shiga, yajin aiki ya ci masa wasu biyun. Kafin ya fito shekarun bautar ƙasa sun kusa wuce shi, masu ɗaukar aiki kuma sun ce ya tsufa. Ya ce, “Nan makarantar biyu muke cire wa kowa. Gata ne muke yi wa yaranmu.” Na waiwaya, duk iyayen da ke layi suna gyaɗa kai, har da masu digiri, har da wani mai aiki a sakatariya.

Ni kuma, Isyaku sarkin wayo, na yi tunani irin na kasuwa. Na ce a raina, in dai biyu alheri ne, ai uku ta fi. Na buɗe baki na ce, “Malam, a yi mini gyara, a sa uku.” Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya rubuta. Na dangwala hannu a takardar rantsuwar da ban taɓa rantsewa ba, na koma rumfa ina jin na yi wa 'yata tanadin da ubana bai yi mini ba. Daga nan na manta da zancen ɗungurungum, don a gida ba wanda ke tambayar yaro takarda kafin ya ba shi tuwo.

Garin neman gira ke nan. Wannan kasona ne, na ɗauka, ba na neman wanda zai taya ni.

Amma ga abin da ya hana bakina rufuwa. Da muka dawo daga shagon Madam Rifkatu, na wuce rumfa na ciro takardar nan mai kore biyu. A can sama, ƙarƙashin sunan Ummi, ga ranar haihuwarta a rubuce, ta ƙaryar, da rubutun Malam Bala. Tsakaninta da koren layin bai kai faɗin yatsu uku ba, na auna. Mutumin da ya tambayi jiharmu, ya tambayi tsoron jini, ya tambayi lafiyar ido, bai dubi abin da hannunsa ya rubuta a saman shafin ba. Dokar shekara sha shida kuwa ba a ɓoye take ba. Na bincika daga baya, an yi ta faɗa a rediyo. Ni mai faci in ban ji ba an yi mini uzuri, ƙarar inji ta cika mini kunne. Shi fa, da aka ajiye shi don wannan kaɗai?

A sana'ata, idan direba ya kawo mota zai kama hanyar Kaduna da fasinja, na auna masa iskar taya huɗu na ce ya tafi lafiya, alhali ni na kwance masa notin ƙafa ban ɗaure ba, ba zan ce ai iskar daidai take ba.

Na biyar: zuwana ofishinka.

Washegari muka je jami'ar ni da Ummi. Jami'in da ke kula da ɗaukar ɗalibai ya saurare mu da mutunci, Allah ya saka masa. Ya ce ba mu ne farko ba, kuma shi ba ya yi mana alkawari. Amma idan muka kawo shaidar da ta girmi takardar rantsuwar, za a iya buɗe mata fayil ɗin gyara, a riƙe mata wuri har a kammala. Ya ce katin rigakafinta na jarirai zai taimaka, amma shi kaɗai bai isa ba. Ana son wasiƙar shugaban makaranta mai hatimi, tare da kwafin shafin rajistar da aka rubuta ta ranar da ta shiga aji ɗaya.

Katin yana nan, uwarta ta ciro shi daga ƙasan akwati. Rajistar kuwa ni na san abin da ke cikinta, don ni na kawo yarinyar ranar da hannuna, da takardar firamarenta, tun kafin wayo ya same ni. Ranar haihuwarta ta gaskiya ce a ciki.

Zuwana na farko aka ce kana taro. Na zauna har aka tashi makaranta, ashe taron ta ƙofar baya ya watse.

Zuwa na biyu ka gan ni. Ka ce makaranta ba ta da hannu, iyaye ne suka kawo takardun rantsuwa, ku abin da aka ba ku kuka shigar. Na ce ranka ya daɗe, a zaurenku aka haɗa takardun, a kan teburinku. Ka dubi agogo.

Zuwa na uku ka kira Malam Bala, muka zauna mu uku. A nan ne ka faɗi gaskiyar da ke ranka, kuma na gode da ita. Ka ce in ka rubuta wa Ummi, ka amsa cewa rajistarku da takardun jarrabawarku sun saɓa, gobe iyaye za su cika maka ofis, jibi masu duba makarantu su zo. Sannan ka ba ni shawara: “Ta yi haƙuri ta jira shekara biyu mana. Ai yarinya ce.”

Ai yarinya ce! Ranka ya daɗe, ni fa saboda ba yarinya ba ce na zo. Ƙaryar da muka haɗu muka yi, ita ka ɗauko kake lallashina da ita. Makin da ta ci na shekara ɗaya ne, baɗi ya mutu. Ka ce ta zauna gida shekara biyu tana kallon ƙawayenta suna tafiya, sannan ta sake zana jarrabawa da ƙwaƙwalwar da ta yi sanyi, ta sake shiga turereniyar da ta riga ta tsallake. Zaman gidan da aka ce ana tsoro har aka yanke mata shekaru, shi ne yanzu ake rubuta mata a matsayin magani.

Malam Bala ma bai bar ni haka ba. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, “Malam Isyaku, kada ka damu, ribar tana gaba. Sai ta daɗe ba ta yi ritaya ba.” Na tsaya ina kallonsa. Ritaya daga wane aiki? Wanda aka hana shiga mota ake yi wa albishir da cewa ba za a sauke shi da wuri ba.

Na shida: ba mu kaɗai ba ne.

Ban yi ƙidaya ba, ba ni da hurumi. Amma da ƙafata na shiga gidaje huɗu na 'yan ajin su Ummi. Waɗanda aka cire wa biyu, wasu sun tsallake da ƙyar don dama sun girma, wasu sun maƙale kamar mu. Akwai wani malamin firamare, mutumin Binuwai, da ɗansa ke neman injiniya, shi ma koren biro gare shi. Da na je ya kasa haɗa ido da ni, ni ma na kasa. Kowa ya yi shiru don kowa ya dangwala hannu. Ina jin a kan wannan shirun makaranta ta jingina. Kuma 'yan ajin da ke bayansu suna nan tafe, su ma an yi musu gatan.

Auna wa yaro damarsa abu ne mai kyau, ban ce a daina ba. Irinmu da ba mu san hanyar jami'a ba, da bakin malami muke gani. In ya ce kore, mu rufe sauran ƙofofi mu bi. Shi ya sa wanda zai riƙe wannan biro ya kamata ya fara da tambayar da ko mai gadin jami'a zai fara da ita.

Saura magana ɗaya kafin roƙona.

Kwana goma na yi ina barin Ummi ta ɗauka kuskuren makaranta ne kawai. Ina ta zuba barkwanci a gida, ina ce wa Zainab ta riƙa aiken ƙanwarta, ba mai dariya sai ni. Shekaranjiya bayan la'asar na kasa. Na kira ta tsakar gida, uwarta na zaune, na gaya mata yadda aka yi, har da gyaran da na nema. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Sai ta ce, “Baba, in za ka rubuta takardar, ka sa wannan a ciki. Kada ka ɗora wa Malam Bala shi kaɗai.” Ta tashi ta ɗauki littafinta ta shiga ɗaki. Har yanzu karatun tantancewar take yi, wadda ba ta san ko za a bar ta ta zauna ba.

To na sa, kamar yadda ta ce. Gobe duk direban da ya tsaya a rumfata ya san abin da Baban Likita ya aikata.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Ka buɗe kabad ka fito da rajistar shiga aji ɗaya, a ɗauki hoton shafin Ummi, ka rubuta layi uku cewa abin da ke ciki shi ne ke ciki, ka buga hatimi. Ban ce ka rubuta wanda ya yi laifi ba. In ana son mai laifi a rubuce, ga ni, zan sa hannu a duk inda aka nuna mini, a gaban duk wanda aka ce.

Ka yi wa sauran yaran ajin haka, tun iyayensu ba su gama tattara ƙarfin halin zuwa ba. Ka aika musu, kada ka jira su.

Ka tara iyayen 'yan baya ka gaya musu gaskiya tun da sauran lokacin gyara, kuma a daina tambayar uba nawa za a cire. Mu iyaye ba mu da wuyar ruɗi, ni ne shaida.

Malam Bala kuwa ban nemi a kore shi ba. Yana da iyali, kuma na yarda alheri ya nufa, kamar yadda ni ma na nufa. A dai ce masa ya fara karatu daga saman shafi.

Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe ina ƙofar ofishinka, ni da uwar Ummi da katin rigakafi. Madam Rifkatu ta ce za ta rufe shago ta biyo mu, in ana son wanda ya ga yarinyar tana rarrafe. Daga Litinin zuwa Juma'a kwana biyar ne, tafiya jami'ar da dawowa za ta ci ɗaya. Ummi ba za ta zo ba. Na ce ta zauna ta ci gaba da karatu, na kuma ce mata zan dawo da takardar. Na riga na yi wa yarinyar nan ƙarya ɗaya da hannuna, ina roƙonka don Allah kada ka sa wannan ta zama ta biyu.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon kwana, ya ba ka ikon yin abin da ya dace ko da ɗaci. Allah ya raya maka zuri'a, ya buɗe musu ƙofofin da suka ƙwanƙwasa, ya kiyaye su daga gatan da ke zama cuta. Mu kuma iyaye, Allah ya yafe mana wayonmu.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Isyaku Mai Faci,
Gauraka.